KIWON LAFIYA: Jinin da ke zo ma mace ba lokacin wankinta ba

Kowace mace baliga ta san jinin wata. Wasu suna ce mashi haila, wasu al'ada, wasu kuma wanki. Yakan zo, ya yi kwanakinshi, ya ɗauke. Amma akwai wani jini mai zuwa ba lokacinshi ba. Mace ta yi wanka, ta koma salla, bayan ƴan kwanaki sai ta sake ganin jini ga zanenta. Wata ɗigo take gani. Wata sai ta kwana da mijinta yake zuwa. Wata kuma tsohuwa ce da ta daɗe da barin wanki.

Mata da yawa ba su gaya ma kowa, saboda kunya. Wadda ta daure ta yi magana, tambayarta guda ce: ta yi salla ko ta bari? Malamai suna da amsa. Sun ce hailar macen da ba ta da ciki ba ta wuce kwana 15. Abin da ya wuce haka istihala ne, wato jinin ciwo, kuma mai shi tana salla, tana azumi. Wannan amsar ta gyara ma mace ibadarta, amma ba ta faɗi abin da ya kawo jinin ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sanin dalilin jinin aikin likita ne.

YADDA WANKIN LAFIYA YAKE

Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa ta jini da tsoka mai laushi don tarbon ciki. In ciki bai shiga ba, sai shimfiɗar ta saɓule ta fito. Shi ne wanki.

Ana ƙidaya daga ranar farko ta wanki zuwa ranar farko ta wanki mai biyowa. Ga mafi yawan mata, kwana 21 ne zuwa 35. Jinin kanshi yana yin kwana 2 zuwa 7. Duk jinin da ya zo bayan wanki ya ɗauke, kafin lokacin na gaba ya yi, shi ne ake magana a kanshi nan.

DALILAN DA BA SU DA HAƊARI

Na farko, fitar ƙwai. Mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Sau ɗaya a wata ƙwai guda yana fita, wajen kwana 14 kafin wanki mai zuwa. Wasu mata sukan ga ɗan ɗigo a lokacin, kwana 1 ko 2, har da ɗan ciwo gefe guda na mara. Ba cuta ba ce.

Na biyu, shekaru. Yarinyar da ta fara wanki, jikinta bai daidaita ba tukuna. Cikin shekara 2 na farko wankin yakan yi wasa: ya zo da wuri, ya makara, ya tsallake wata. Haka kuma mace mai shekara 45 zuwa 55 da ta kusa barin wanki. Ita dai babbar mace kada ta yanke ma kanta hukunci, gara a duba ta. Mai goyo ma, in wanki ya fara dawo mata, ba ya zama daidai nan da nan.

Na uku, maganin tazarar haihuwa. Mai shan ƙwaya takan ga ɗigo cikin wata 3 na farko, ko in ta manta ba ta sha ba. Allurar wata 3, da ɗan tsinken da ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse, su ma suna rikita wanki. Wata ta yi ta ganin ɗigo, wata kuma wankin ya ɗauke mata gaba ɗaya. Ana cewa wai jinin taruwa yake cikin ciki. Ba haka ba ne: maganin ne ya hana mahaifa yin shimfiɗa mai kauri, don haka babu abin da zai fito. Robar da ake sakawa cikin mahaifa takan ƙara yawan jini a watannin farko. Wadda abin ya dama kada ta bar maganin da kanta. Ta koma inda aka ba ta shi. Ungozomar likita tana da abin da za ta ba ta, ko ta sake mata wata dabara.

JINI DA CIKI

Mace tana iya ɗaukar ciki ba ta sani ba. Saboda haka duk wadda wankinta ya makara, sannan ta ga jini, a fara tunanin ciki. Awon fitsari yana nunawa cikin minti kaɗan.

Wani lokaci ɗigo ne kawai, ciki ya ci gaba lafiya. Wani lokaci ɓari ne: jini da gudaji, da ciwon mara da na baya. In ɓarin bai fita duka ba, sauran da ya maƙale yana sa jini ya ƙi tsayawa, ya kuma ruɓe ya kawo zazzaɓi. A likita ake wanke mahaifa, ko a ba da maganin da zai fitar da shi.

Mafi haɗari shi ne cikin da ya zauna bayan mahaifa. Tsakanin gidan ƙwai da mahaifa akwai wata ƴar siririyar hanya. In ƙwai ya maƙale nan ya fara girma, hanyar ba ta iya ɗaukarshi. Yawanci wajen wata na biyu sai ta tsage, jini ya zuba cikin ciki inda ido ba ya gani. A waje ɗan jini ne kaɗan, baƙi-baƙi. Amma matar tana jin ciwo mai tsanani gefe guda, da jiri, da zufa mai sanyi, wani lokaci har da ciwon kafaɗa, ta suma. Ƙarancin jinin da ake gani kada ya ruɗi kowa. Jiƙo da tofi ba su tsayar da shi, sai tiyata. In dare ne, kada a jira safiya.

Wasu mata in wanki ya ɓace musu, suna ganin ɗigo jefi-jefi, ciki kuma bai girma ba, sai a ce kwantacce ne, a yi ta jira wata da watanni. A je a yi hoton ciki, wanda ake ce ma eko. Shi zai nuna ko akwai ɗa, ko ya lalace, ko wani abu ne daban.

Mai tsohon ciki kuwa, kowane irin jini ta gani, a kai ta matarnite nan take. Kada arwanka ta sa hannu don dubawa, domin wataƙila mabiyiya ce ta tare hanya. Bayan haihuwa jinin biƙi yana raguwa sannu-sannu har wajen kwana 40. In ya dawo ja wur da yawa, ko ya yi wari, ko mai jego ta yi zazzaɓi, a koma likita.

CIWON SANYI

Akwai cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya. Suna sa bakin mahaifa ya kumbura, ya yi ja, da an taɓa shi sai jini. Alamominsu su ne ruwa mai launi ko mai wari, zafin fitsari, ciwon mara, da jini bayan kwanciya. Namiji yana iya ɗauke da cutar bai ji komi ba.

Maganinsu yana nan, kuma ba shi da wuya. Sharaɗi biyu ne. A sha shi har ya ƙare. Kuma a yi ma miji da dukan matan gidan magani lokaci guda. In an yi ma mace ita kaɗai, cutar dawowa take. Ƙwayoyin ƴan tebur biyu ko uku suna kwantar da ciwon, ba su kashe shi. Ciwon da aka bari yana hawa sama ya toshe hanyar ƙwai. Daga nan rashin haihuwa ke zuwa, da cikin bayan mahaifa.

TSARGIYA

Kowa ya san tsargiya ga yara maza masu fitsarin jini. Kaɗan suka san tana kama gaban mace. Tsutsar tana fitowa daga ƴan ƙananan katantanwa da ke cikin ruwa mai kwanciya: bakin kogin Isa, tabkuna, da magudanan ruwan noman rani. Tana huda fata lokacin wanka, wanki, ɗiban ruwa ko dashen shinkafa. Ƙwayayenta suna maƙalewa cikin mafitsara, da farji, da bakin mahaifa, su yi ƴan gyambuna.

Mai ita tana ganin ɗigon jini, da ƙaiƙayi, da ruwa, da zafi lokacin kwanciya. Alamomin sun yi kama da na ciwon sanyi. Saboda haka ake zargin wata budurwa ko wata matar aure da abin da ba ta aikata ba, alhali daga tabki ta ɗauko ciwonta. Kada a yi ma kowa ƙazafi kafin awo. Sunan maganin tsargiya farazikantel. A shekarar 2004 Nijar ta fara rabon shi ga jama'a da yawa, musamman ƴan lakwal. Ranar rabo, kada a bar ƴan mata gida. Macen da ke zaune kusa da ruwa ta gaya ma lokotoro haka in ta je awo.

RAUNI

Fatar gaban mace tana da laushi. Kayan matsi da ake cusawa, da alif, da kanwa, da garin itatuwa, suna busar da ita, su ƙona ta, ta tsage. Yarinyar da aka yi ma aure jikinta bai ƙosa ba tana samun rauni. Yankan gishiri da aska yana zubar da jini da yawa, yana kuma iya huda mafitsara ya bar mace da yoyon fitsari. Ba ya maganin komi. Tun shekarar 2003 dokar ƙasa ta hana yi ma mata kaciya.

Ƙaramar yarinya da ba ta kai balaga ba, in an ga jini gare ta, a kai ta likita, a kuma bincika abin da ya same ta cikin natsuwa, ba da duka ba. Jinjira sabuwar haihuwa ita kaɗai ce takan yi ɗan ɗigo cikin satin farko, ya wuce da kanshi.

ƘARI DA TSIRO

Ƙari yana fitowa cikin naman mahaifa. Wani kamar gyaɗa, wani kamar goriba, wani har ya ɗaga ciki kamar na wata 6. Ya yi yawa ga mata baƙar fata masu shekara 30 zuwa 50. Yana sa wanki ya yi yawa, ya daɗe, ko jini ya zo tsakani. Tsiro kuwa ɗan nama ne mai reto cikin mahaifa ko a bakinta. Kusan dukansu ba sankara ba ne. Eko yana nuna su. Tsiro cire shi ake yi cikin ɗan lokaci. Ƙari kuma, wani magani ya ishe shi, wani sai tiyata.

SANKARAR BAKIN MAHAIFA

Wannan ita ce babbar abin tsoro, kuma ita ce dalilin da ya sa ba a raina ɗigon jini. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660.000 suka kamu da ita a duniya, wajen 350.000 suka mutu. A Nijar, in an cire sankarar nono, ita ce ta fi kama mata.

Ba jifa ba ce, ba iskoki ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, da ake ɗauka wajen kwanciya. Mutane da yawa suna ɗaukarta, jikinsu ya kore ta ba su sani ba. Ga wasu mata sai ta zauna, ta riƙa ɓata fatar bakin mahaifa sannu-sannu. Kafin ta zama sankara takan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai cutar sida abin ya fi sauri. Auren wuri, da yawan haihuwa, da taba, suna ƙara haɗarin.

Cikin waɗannan shekaru duka mace ba ta jin ciwo. Alamar farko sau da yawa ita ce ɗan jini bayan kwanciya, ko tsakanin wanki, ko bayan barin wanki, ko ruwa mai wari gauraye da jini. Ciwon baya da ramewa sai daga baya suke zuwa, lokacin da cutar ta yi nisa. Wadda ta ce sai ta ji ciwo za ta tafi likita, ta makara.

Tsawon shekarun nan kuwa dama ce. Akwai awo mai sauƙi: ungozomar likita ta shafa ruwan binegar ga bakin mahaifa, bayan minti 1 wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In an gan shi da wuri, ana kashe shi da na'ura mai zafi ko mai sanyi, matar ta koma gida ranar. OMS ta ce mace ta fara yin awon daga shekara 30, mai sida daga shekara 25, ko ba ta ga jini ba. Akwai kuma allurar rigakafi ta ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Duk ranar da aka yi shelarta a gari, uwaye su kai ɗiyansu.

In sankara ta riga ta kama, ana yin tiyata, ko a gasa ta da haske, ko a ba da magani ta jijiya. A shekarar 2007 gwamnati ta yi dokar kula da sankarar mata kyauta a likitocin gwamnati. A shekarar 2021 aka fara gashin sankara da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, a Yamai.

Tsohuwar da ta yi wata 12 ba ta ga wanki ba, ta bar shi ke nan. Wanki ba ya dawowa. In ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ko sau ɗaya ne, a duba ta. Sau da yawa bushewar fata ce ta tsufa, amma yana iya zama sankarar bakin mahaifa ko ta cikinta.

YAUSHE ZA A TAFI LIKITA?

A tafi nan take, dare ko rana, da mota, da babur ko da amalanke:
1. In mace tana da ciki, ko wankinta ya makara, ta ga jini da ciwon mara.
2. In jini yana jiƙa ƙyalle sharkaf kowace awa, har awa 2 a jere.
3. In tana jiri, ko numfashi sama-sama, ko ta suma.
4. In akwai zazzaɓi da wari bayan ɓari ko haihuwa.

A tafi cikin satin:
1. In jini yana zuwa bayan kwanciya.
2. In tsohuwa ta ga jini bayan ta bar wanki.
3. In jinin tsakani ya dawo wata 2 ko 3 a jere.
4. In wanki yana wuce kwana 8.
5. In tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, tana gajiya da ɗan aiki kaɗan. Jininta ne ya ragu.

A likita za a yi mata tambayoyi, a auna fitsari da jini, a duba bakin mahaifa da wani ɗan ƙarfe ko roba. Dubawar ba ta daɗewa. Mace tana da ikon ta roƙi mace ƴar'uwarta ta duba ta. Abin da ta faɗa sirri ne. In abin ya fi ƙarfin likitar ƙauye, za a ba ta takarda zuwa babbar likita. Kada a aje takardar cikin akwati. Ta riƙe karnenta, ta kuma nuna duk maganin da take sha, na likita da na gargajiya. Kada ta sha asfirin don ciwon mara, domin yana ƙara zubar jini. Wadda jininta ya ragu ta sha ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta, ta ci wake, zogala, hanta, nama da kifi gwargwadon hali.

AIKIN MAIGIDA

A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin mota ma hannunshi suke. Saboda haka wannan darasi na maza ne kamar yadda yake na mata. Jini bayan kwanciya, miji ne mutum na biyu da ya san da shi. In matar ta ji nauyin magana, shi ya fara. Ya ba ta izini tun yanzu cewa in abin gaggawa ya taso ba ya nan, a tafi da ita. Mai tafiya cin rani ya bar wannan magana ga uwayenshi da ƙannenshi. In an nemi jini, shi da dangi su bayar. Kuɗin awo ba su kai kuɗin jinyar shekara ba. Uwar miji da arwanka su ma suna da nasu: in yarinya ta kawo musu kukanta, kada su ce ta yi haƙuri zai wuce. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

AIKIN KARATU

Tambayar farko da ungozoma ke yi ita ce: «Yaushe kika ga wankinki na ƙarshe?» Wadda ta iya rubutu ba ta cewa ta manta. Ta ware shafi guda cikin littafinta, ta rubuta kwanakin wata. Ranar wanki ta sa W. Ranar ɗigo ta sa Ɗ. Ranar ciwo ta sa C. Bayan wata 3 ta kai ma ungozoma shafin.

Misali na 1. Wata mace ta fara wanki ran 3 ga Maris, ya ɗauke ran 7. Ta ga ɗigo ran 17 kaɗai. Wanki ya dawo ran 31. Lissafi: 31 − 3 = 28, watanta kwana 28 ne. 31 − 17 = 14, ɗigon ya zo kwana 14 kafin wanki. Ya yi daidai da fitar ƙwai.

Misali na 2. Wata mai shekara 42 ta fara wanki ran 3 ga Maris, ya ɗauke ran 8. Ta ga jini ran 12, da ran 20, da ran 26, kullum bayan kwanciya. Ba ta jin ciwon komi. Wannan ta tafi likita cikin satin.

Tambayoyi:
1. Kwana nawa ke tsakanin wanki da wanki ga mafi yawan mata?
2. Mi ya sa cikin bayan mahaifa yake da haɗari ko jinin waje kaɗan ne?
3. Ina ake ɗaukar tsargiya? Da wane ciwo ake rikita ta?
4. Don mi ake yi ma miji da mata magani tare?
5. Mace ta fara wanki ran 2 ga Yuli, na gaba ya zo ran 30. Kwana nawa ne watanta?
6. Daga garin nan zuwa matarnite mafi kusa kilomita nawa ne? Wa ke da abin hawa in dare ya yi?

Tambaya ta 6 a tattauna ta gaban maigari, a rubuta amsar ga allo. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta ma wadda ba ta iya ba tukuna.